MIƘAƘƘE, TARA DA SHA-UKU

Shafi na 27

Dakta ya ce cikin sati goma sha ɗaya ya gama da kansar mama.

Ba rage mata ƙarfi ya ce ya yi ba. Gamawa. Wai masanan duniya sun shekara arba'in suna zagaya wuri ɗaya, shi ya zo ya raɓa ta gefensu ya wuce, ko sannu bai ce musu ba. A falon Inna surukarsa ya faɗi haka, ranar Lahadi bayan azahar, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sanye da farar rigar lab, irin ta ɗakin bincike, da ta sha guga har tana ƙara in ya motsa.

Ba a aiki ranar Lahadi. Rigar dai ta zo.

A ƙirjinta an ɗinka DAKTA da shuɗin zare. Jami'a ba ta kai ga ba shi sunan ba, shekara bakwai ke nan yana kan babi na uku na kundin digirin. Tela ne ya ga abin ya daɗe, ya tausaya masa.

Auta na durƙushe a tsakar falon tana haɗa jakar Inna. Zane biyu, silifas, kofin roba, cajar waya. Gobe ƙarfe bakwai na safe za a ba Inna gado a asibiti, jibi a shiga da ita a cire ƙullutun da ke mamanta na hagu. Wata huɗu suna bin layi kafin ranar ta zo kansu. Likitan kuma bai ɓoye musu ba: in suka bari ta wuce, sai su koma ƙarshen layi, abin da ke jikin Inna kuwa bai san layi ba.

"Saboda haka, Inna," in ji Dakta, "ni ban ga dalilin da za a sa muku wuƙa ba. Wuƙa ai aikin mahauta ne. Mu yanzu mun wuce nan, a matakin ƙwayar halitta muke."

Yaya, matarsa, yayar Auta ciki ɗaya, tana ɗofane a hannun kujerarsa tana gyaɗa kai tun kafin ya kai ƙarshen magana.

"Wallahi Inna ko runtsawa ba ya yi saboda binciken nan."

"Yana yi," in ji Auta, ba ta ɗago ba. "A ofis. Daga sha biyu zuwa biyu."



Dakta ya zura hannu a aljihu ya zaro katin magani mai ƙananan kafso, ya ajiye a tebur a hankali sai ka ce ƙwai.

"Ga shi nan. Retinoik asid. Jikan bitamin A ne, jiki ma yana yin nasa. Iri uku muka gwada a kan ƙwayoyin kansar mama, ni kuma na gano abin da ba wanda ya taɓa ganowa: duk ukun aikinsu ɗaya. Ba bambanci ko kaɗan. To tun da ɗaya ne, me ya kai mu neman mai wuyar samu? Wannan har a kyamis akwai shi. Wata uku kuna sha, ƙullutun da kansa zai nemi hanya."

Auta ta miƙa wuya ta leƙa katin, ta koma kan jakarta.

"Maganin ƙurajen fuska ne."

"Me kika ce?"

"Na ƙurajen fuska. Wanda ake rubuta wa masu pimpul in ya ƙi jin komai. Leɓe ya bushe ya tsattsage, fuska ta yi sumul. In neman miji Inna za ta fita, ba laifi."

"'Yar kwalba," in ji Dakta, yana murmushin da yake yi wa masu gadi, "manya na magana."

Sunan da yake kiranta ke nan. Shekara biyar da suka wuce, da ta gama sakandare ta zauna a gida, shi ya samo mata aikin wanke kwalabe a lab ɗin da yake bincike. Bai taɓa barin wata ya mutu bai tuna mata ba. Abin da bai lura ba shi ne, tun a shekara ta biyu ta bar bakin famfo. Tsofaffin littattafan da aka jibge a sito ta kwashe ta karance, abin da ya shige mata duhu ta nema a waya, ta riƙa tsayawa bayan masu aiki tana kallon hannunsu har nata ya fi nasu. Yanzu ita ke shuka ƙwayoyin a faranti, ita ke canza musu ruwa, ita ke ƙirga su. Dakta lambobi kawai yake karɓa a takarda, ya kai ofis ya yi musu kala.

Takardar asibitin na kan cinyar Inna, ta ɗora mata hannu. Auta ta ga yadda idon tsohuwar ya maƙale a katin maganin nan. Ta san abin da ke ran Inna. Yayar Inna da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, a lulluɓe aka fito da ita. Shekara ashirin ke nan, amma tun da aka sa ranar nan Inna ba ta cinye kwanon abinci ba. Duk wanda ya zo mata da hanyar da ba wuƙa, ko ta bayan juji ce, bi za ta yi.

"Ke Auta," in ji Inna a hankali. "Ƙarya mijin 'yar'uwarki yake yi?"

Auta ta ja zif ɗin jakar har ƙarshe kafin ta amsa.

"Ni ba zan ce ƙarya ba, Inna. Sai dai sati bakwai rabonsa da ɗakin da ƙwayoyin suke."

"Janar ba ya zuwa bakin daga," in ji Dakta.

"Amma ya san inda dagar take."

Yaya ta dire daga hannun kujera.

"Inna kina jinta ko? Mutum ya bar iyalinsa yana nema miki lafiya, wannan mai bakin reza tana yanka shi a gabanki. Hassada ce wallahi. Tun tana ƙarama haka take, in aka yabi wani sai cikinta ya murɗa."

"Ya isa." Inna ta ɗaga hannu. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta dubi surukinta, ba cikin ido ba, daidai aljihun rigar. "Abin nan da ka ce ya mutu, ana ganinsa da ido?"

"Ƙwarai kuwa, Inna. Da madubinmu mai girmama ƙananan abubuwa."

"To a kai ni."

"Yanzu?"

"Gobe ai na riga na yi alkawari da masu wuƙa." Ta naɗe takardar gida huɗu ta cusa a jakar hannunta. "Ku ji da kyau, don ba zan maimaita ba. In na gani da idona maganin nan ya kashe abin, a nan take zan yaga takardar nan, kada wanda ya ƙara yi min maganar asibiti. In ban gani ba, bakwai na safe ina can. Ke Auta, miƙo min mayafina."

Auta ta miƙo. Fuskarta dai ba ta nuna komai ba, dama ba ta saba nunawa ba.

*

A mota Dakta ya yi lacca tun daga ƙofar gida har get ɗin jami'a. Ya lissafa ƙasashe shida da za su gayyace shi. Ya ce yana tunanin wacce zai fara ce wa ba shi da lokaci.

Lab ɗin na hawa na biyu, ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. Sau biyu Inna tana hutawa a matakala. A ƙofar ɗakin ƙwayoyin akwai kwaɗo mai lambobi. Dakta ya sha gaba, ya danna lamba huɗu da yatsa ɗaya, irin dannawar da ake yi don a gani.

Ƙofa ta ƙi.

Ya sake. Ta sake ƙi.

"Sun canza ba su sanar da ni ba. Zan yi maganinsu."

"An sanar," in ji Auta. "Sati shida ke nan. Yana manne a ƙofar ofishinka."

Ta danna, ƙofa ta buɗe.

Ta ba Inna da Yaya riguna da ledar rufe takalmi. Dokar ɗakin ba ta yarda da baƙi ba, in Farfesa mai lab ɗin ta ji, Auta ce za ta amsa tambaya, ba mai shuɗin zare ba. Ta san da haka. Ta durƙusa ta sa wa Inna ledar a ƙafa da hannunta.

Ɗakin ƙarami ne, ba taga. Fitila ɗaya ce a kunne, ruwan ɗorawa, dishi-dishi, duk wanda ya shigo sai ya koma kamar mai ciwon shawara. A kusurwa akwai wani akwati kamar firij, sai dai shi ɗumi yake riƙewa, daidai ɗumin jikin mutum. A ciki ƙwayoyin suke, suna ci suna hayayyafa.

"Wane irin duhu ne wannan kamar ɗakin boka?" in ji Dakta. Ya kai hannu ga makunnin babbar fitila. An manne shi da salatif, an rubuta KADA. Ya fara ɓamɓarewa da farce.

Auta ta dafe makunnin da tafin hannu.

"Farantan da za mu fito da su akwai magani a ciki."

"Sai me?"

Ta dube shi. Shekara bakwai. Sai ta juya ga Inna, don ita ce ta cancanci bayani.

"Inna, maganin nan kamar waya yake. Waya ɗaya. In aka bar ta a miƙe, mu nan Miƙaƙƙe muke ce masa. In ta lanƙwashe a gaɓa ta tara, Tara. In a ta goma sha uku ne, Sha-uku, shi ne na ƙurajen da aka kawo miki. Abu ɗaya ne, lanƙwasar ce ta bambanta su, kamar makullai da aka yanka daga ƙarfe ɗaya. A jikin ƙwayar akwai ƙofofi. Tara yana buɗe iri biyu. Miƙaƙƙe iri ɗaya. Sha-uku kuwa sai ya shiga ya miƙe tukuna kafin ya yi abin kirki."

"To ina ruwan fitila?"

"Haske ke lanƙwasa miƙaƙƙen, ya miƙar da lanƙwasasshen. Kowanne kika bari a rana, in kin dawo gauraye za ki tarar, wani ma ya lalace."

"Kamar zanen rini," in ji Inna. "A inuwa ake shanya shi."

"Yauwa. Shi ya sa a baƙar kwalba yake zuwa, mu ƙara naɗe shi mu ɓoye a firij." Ta ɗan tsaya. "Dakta ya ce baƙar kwalba ba ta fita a bidiyo."

Auta ta ɗauke hannu daga makunnin, ta ci gaba.

"Ya juye ukun a fararen kwalabe, ya jera a tagar ofishinsa inda rana ke dukansu, ya tsaya a bayansu ya harɗe hannu. Bidiyon na wayar Yaya, mutum dubu huɗu sun ce masha Allah. Tun safe suke tagar har la'asar, don an yi ta sake ɗauka, wai hancinsa na ƙyalli. Washegari ya miƙo min ya ce in ɗiga wa ƙwayoyi. Na ce sun lalace. Ya ce 'yar kwalba, aikinki zubawa, tunani nawa ne. Na zuba." Ta ɗage kafaɗa. "Shi ne ya gano duk ukun aikinsu ɗaya. Ai dole. Shi ya mai da su ɗaya."

"To ai dai sun yi aiki," in ji Yaya. "Ni na ga zanen da idona, layin ya gangara har ƙasa."

"Layin ya gangara kaɗan. Sauran da rula aka ƙarasa. Rular ma tawa ce, har yau ba a dawo min da ita ba."

Dakta ya yi dariya ta hanci.

"Wannan a ilmance hasashen lissafi ake ce masa."

"A sakandare jan layi muke cewa."

Auta ta buɗe durowa ta zaro wani littafi mai baƙin bango, gefensa duk ya nannaɗe. Ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Tun ranar da ta zuba lalataccen maganin nan abin ya tsaya mata a wuya, ta ɗebo sabo daga firij ta sake gwajin ita kaɗai, a ƙarƙashin fitilar nan mai dishi-dishi. Sau uku, don kada ta yaudari kanta.

"Ƙwayoyin kansar mama da muke renon su iri biyu ne, Inna. Akwai masu jin kiran sinadarin jikin mace, Masu-ji muke ce musu. Akwai waɗanda ba sa ji, Kurame. A nawa gwajin, Masu-ji sun rage hayayyafa. Tara ya fi riƙe su, Miƙaƙƙe na biye da shi, Sha-uku can baya yana jan ƙafa. Amma ragewa ce. Ba wanda ya share su."

"Kuramen fa?"

"Duk ukun na ba su. Suka sha kamar na ba su ruwan sanyi, suka ci gaba da harkarsu."

Inna ta gyaɗa kai. Mace ce mai saurin ɗauka, ba ta dai zauna a aji ba ne.

"Nawa wanne ne?"

Auta ta rufe littafin.

"Takardar da aka ba mu bayan an ɗebi tsokar, layi na huɗu. Kurame ne."

"Dama babanku ya sha faɗa, ba na jin magana," in ji Inna. Ba wanda ya yi dariya, har ita.

"Ko Masu-ji ne, Inna, faranti daban, mace daban. Abin da ya yi aiki a cokali biyu na ruwa ba shi ke nan ya yi a jikin mutum ba."

Dakta ya miƙa hannu ya ɗauki littafin da yatsa biyu, kamar ya tsinto shi a kwata. Ya buɗe, ya rufe, ya jefar a tebur.

"Ke, takardar me kike da ita?"

"Ta sakandare. Da ta haihuwa."

"Kun ji ko, Inna? Yarinyar da na ɗauko daga gindin murhu na ba ta soso da sabulu, ita ce yau take karanta min sakamako. Wa ya ba ki izinin taɓa kayan firij? Wannan ai sata ce. Gobe in Farfesa ta zo, ki tattara sosonki."

"Butulu," in ji Yaya. "Wallahi Auta kin ji kunya. So kike a yanka uwarki don kawai a ce kin fi mijina."

Wannan ta shiga. Auta ta ji ta har ƙashi. Ta kalli Yaya, ta ga idonta ya cika da ƙwalla, ta gane ita ma tsoron take ji, ta dai zaɓi wurin da za ta jingina shi ne. Sai ba ta rama ba.

Inna ta zauna a doguwar kujerar lab, ƙafafunta cikin shuɗiyar leda ba su kai ƙasa ba.

"Ni ba littafi na zo gani ba," ta ce. "Wannan ya ce, wannan ta ce. Ku nuna min."

Muryarta ce ta tayar wa Auta hankali. Muryar mai roƙo ce, mai so a ce mata ba sai an yanka ba.

Auta ta sa safar hannu, ta fesa musu sifirit, ta buɗe akwatin ɗumi ta zaro faranti ɗaya ta rufe da sauri. Ɗan ƙaramin farantin roba ne mai murfi, da ruwa ja-ja a ciki. Ta ɗora a madubi ta kunna. Madubin na haɗe da allo irin na talabijin, kowa na iya gani.

"Waɗannan Kurame ne, ba a ba su komai ba."

Allon ya cika maƙil. Ƙananan abubuwa masu tsini-tsini, wani kan wani, ba masaka tsinke.

Inna ta sauko daga kujera ta matso. Ta daɗe a tsaye. Hannunta na dama ya tafi ƙirjinta na hagu ba ta sani ba.

"Irin waɗannan ne a jikina?"

"Danginsu ne."

"Ji su," in ji Inna a hankali. "Ko kunya ba su ji."

"To yanzu," in ji Dakta, yana naɗe hannun riga, "sai a ga waɗanda suka haɗu da Sha-uku. Matsa. Da kaina zan zaɓo, don na san halinki, sai ki ɗauko na son ranki. Ke kuma, ɗauki bidiyo."

Yaya ta share ido ta ɗaga waya.

Bai sa safa ba. Ya wangale ƙofar akwatin ya tsaya yana kallon ciki kamar mai zaɓen lemo a firij ɗin biki, ɗumi na ta fita. Auta na ƙirgawa a ranta. Ta kai talatin da ɗaya bai zaɓa ba. Farantai ne jere hawa-hawa, ruwan wasu ya fara komawa ruwan lemo saboda yawan masu ci a ciki. Ya tsallake waɗannan duka, ya sunkuya.

"Layin ƙasa na Sha-uku ne. Ni na tsara."

Ya zaro ɗaya daga can lungu. Ruwansa ja garau, ba ko ɗigon gurɓata. Ya ɗaga wa kyamara.

"Jama'a ku duba da kyau. Tun daga kalar ruwa masani ke gane lafiyar aiki."

Auta ta ga farantin da ya ɗauko. Bakinta ya buɗe, ta mai da shi ta rufe. In ta yi magana yanzu, zai ce hannunsa ne ya kauce, ya mayar ya ɗauko wani, a koma gardamar wane ya rage da wane bai rage ba, Inna kuwa ta ga abin da ranta ke so ta gani. Gara a bar shi ya gama shiga.

"Dakta," ta ce, "ka tabbata wannan ne?"

"Kin fara tsorata ko?"

"Tambaya na yi."

"Wannan farantin na san shi kamar yadda na san 'ya'yana. Kuramen naki ne a ciki, masu taurin kan. Da hannun nan nawa na ɗiga musu Sha-uku."

"Da hannunka."

"Da hannuna. Inna ku shaida."

"Na shaida," in ji Inna.

Ya ture farantin farko ya ɗora nasa. Ya murɗa wani abu a gefen madubin, allon ya yi baƙi. Ya murɗa wani, tebur ɗin madubin ya gudu hagu. Auta ta miƙa yatsa ɗaya ta gyara masa.

Allon ya washe.

Fari fes. Ba tsini, ba ɗigo, ba komai. Ya zagaya farantin dama da hagu, sama da ƙasa. Ko'ina wayam.

Yaya ta fashe da kuka.

"Alhamdu lillahi. Inna kin gani? Inna kin gani ko?"

"Ko ɗaya," in ji Dakta, ya juyo ga kyamara ya sassauta murya irin ta masu karɓar lambar yabo. "Ba ragewa ba, kamar yadda wasu marasa takarda ke faɗa. Sharewa. Abin da ya gagari duniya shekara arba'in, ga shi nan a gabanku."

Inna ta buɗe jakarta ta zaro takardar asibitin. Ta warware ta, ta kama gefe da gefe da hannu biyu. Auta ta yi taku ɗaya za ta yi magana, sai ta ga Inna ta tsaya, ta ƙanƙance ido tana kallon allon.

"Ɗan nan."

"Na'am, Inna."

"Ina gawarwakin?"

"Na'am?"

"Ni dai in na fesa maganin sauro na rufe ɗaki, da na buɗe zan gan su zube a ƙasa, sai na sa tsintsiya. Waɗannan da ka kashe, dubu nawa ne, ina suka zube?"

Dakta ya gyara wuyan riga.

"Ai... sun narke, Inna. Ƙarfin maganin ke nan. Narkar da su yake yi."

"Har ƙurarsu?"

"Har ƙurarsu."

Inna ta juyo, takardar na nan a hannunta, gefenta ya riga ya ɗan tsage.

"Auta. Haka ne?"

"In suka mutu tasowa suke yi, Inna, su yi ta yawo a saman ruwa kamar dusa. Kwana nawa ma sai kin gan su." Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. "Jiya na haɗa musu sabon ruwan abinci. In an haɗa sabo, sai a zuba kaɗan a faranti a ajiye kwana biyu, a ga ko wani datti ya shiga, kafin a ba su. A layin ƙasa nake ajiyewa. Akwai rubutu a gefen."

Kukan Yaya ya ɗauke. Wayar dai na nan a ɗage, ta manta ta sauke.

Inna ta shafa takardar a cinyarta ta miƙar da inda ya tsage, ta naɗe ta yadda take, ta mayar jaka ta ja zif.

"Karanta mana, Dakta," ta ce. "Kai ne mai ilmin."

Ya ɗauko farantin daga kan madubi ya kai shi kusa da fitilar nan mai dishi-dishi. Rubutun Auta ne, ƙanana, da baƙin alƙalami. Leɓensa ya motsa sau biyu kafin murya ta fito.

"Ruwa zalla," ya karanta. "Ba a shuka komai ba."